Ƙidayar Baiko

Bayan albarkar ƙarshe,
in Zumuntar Mata sun kife tukunyar kiɗa,
yara sun watse gindin dalbejiya,
ni da Filibus mukan ja ƙofar ɗakin tufafi
mu zazzage jakar baiko
kan teburin nan mai ƙafa ɗaya bisa bulo.

Shekara goma sha tara ina wannan ƙidaya a Yelwan Tudu.
Ido ya gaji, amma hanci bai yi ritaya ba.
Ɗari biyun nan mai warin daddawa, ta Liyatu ce.
Mai baƙin mai a gefe, Obadiya bakanike.
Sababbin dubu-dubu masu yankan yatsa
na Oga Chibuzo ne mai kayan gyaran mota;
ba ya sa suna a ambulan,
turarensa ke sa masa hannu.

Sai kuma hamsin ɗin leda,
wadda ta koɗe har mutanen kanta suka tafi.
Kullum a naɗe take, ɗaure da farin zare
don kada ta buɗe ta tona asirin mai ita.
Baba Sila ke nan, tsohon mai gadin tasha,
wanda jirgi ya daina zuwa, shi bai daina jira ba.

Damina uku muna tara kuɗin kwano.
Ruwa na zuba a benci na uku da na bakwai,
da kan mai karanta Zabura in iska ta juyo.
Muna da roba huɗu da tsohon bahon wanki,
in suka soma ɗiga
sai ka ce mawaƙa sun ƙaro makaɗa.

A watan Yuli muka kusa.
Saura bandir biyu, na rubuta da jan biro.
A makon ne Damaris ta tsaya gaban kwamiti
da takardar Asibitin Koyarwa a hannu.
Ba ta yi kuka ba, takardar ce ke rawa.
Keziya, 'yar shekara tara, sai an yi mata aiki.

Bari in faɗa tun ba a tambaye ni ba:
ni ne na ƙi.
Na ce kuɗin kwano na kwano ne,
na buɗe littafi, na nuna layi.
Rabaran ya cire tabarau yana goge abin da babu.

Baba Sila ba ɗan kwamiti ba ne,
shara ya shigo yi.
Ya jingina tsintsiya ya ce, “Ma'aji,
ruwan nan da ke jiƙa mu,
ba shi muka durƙusa muka roƙa a watan Mayu ba?
Bar shi ya shigo ya ga masu roƙonsa.”

Na sa hannu. Biron ma sai da ya yi gardama.

Yanzu Keziya ce ke kwashe robobin in sun cika.
Takan ɗauka da hannu biyu, a hankali,
yadda ake ɗaukar ƙoƙon Jibi,
ta kai wa rama da kuɓewar bayan coci.

Ranar Alhamis muka kai Baba Sila makwanci.
Malam Hudu mai walda, maƙwabcinmu,
wanda ya ɗinke mana ƙararrawa bai karɓi ko sisi ba,
ya rufe shago, ya bi mu har bakin ƙofa.

Yau Lahadi. Mun zazzage jaka.
Daddawa ta zo, baƙin mai ya zo, turare ya zo.
Na ce wa Filibus ya rubuta jimla,
sai ya tura mini wani abu da ɗan yatsa:
hamsin ta leda, a naɗe,
ɗaurin bai ƙware ba, zaren kuma ja ne.

Na kai ta hanci, na daɗe.
Ban gane mai ita ba.
Filibus na jira da biro,
ruwa ya soma taɓa roba ta farko.